Cizon Kare da Yakushinsa

Barkanku da war haka, ku mutanen Ƙauran Namoda da ke bakin gulbin Gagare, da na Shinkafi, da na Zurmi har zuwa Gurbin Bore a kan iyakarmu da Nijar, da ku mazauna ƙauyuka da rugage, da kuma 'yan'uwanmu waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da garuruwansu suka zo suka raɓa cikin gari. Maganarmu ta yau a kan kare take, wato abin da kan sa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, da abin da ya wajaba a yi idan hakan ta auku, gama akwai cizon da mutum kan warke daga gare shi cikin mako guda ya manta, akwai kuma wanda, in aka yi masa sakaci, yakan bari sai gyambo ya rufe, hankali ya kwanta, sa'an nan ya zo da ajali.

Ko da yake Bahaushe bai ɗauki kare abin kai wa ɗaki ba, ya daɗe da sanin amfaninsa, domin kuwa mafarauci ba ya shiga dawa sai da shi, Bafillace ba ya barci a ruga sai ya san yana nan kusa da garke, manomin da gonarsa ke nesa da gari kuwa shi ke kore masa biri da ɓarawo. Shari'a ma ta san da wannan, shi ya sa ta yi rangwamen ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron shuka, kuma malamanmu na Malikiyya suka tafi a kan cewa jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai kuwa umarni ne da ake bi don ibada. An kuma ruwaito cikin Bukhari da Muslim labarin wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Na kawo wannan ne tun da fari don kada wani ya zaci nufin shirin nan shi ne a tashi a far wa karnukan unguwa da sanduna da duwatsu. Bil hasali ma, jifa da duka suna daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa cizon da muke kuka da shi.

Babban sababin cizo shi ne tsoro. Karen da ya tashi tun yana kwikwiyo bai san hannun ɗan Adam ba sai da hoge ko tsumagiya, wanda duk lungun da ya bi yara na biye da shi da ihu, yakan koyi cewa mutum abin gudu ne. Muddin yana da hanyar tsira zai gudu, amma ran da aka ritsa shi a kusurwar katanga, ko cikin kango, ko ƙarƙashin motar da ya shiga neman inuwa, ba abin da ya rage masa sai haƙoransa. Da yawa daga yaran da ake kawowa asibiti da rauni a ƙafa ko a hannu, in an bi ba'asi a hankali, sai a tarar su suka rutsa dabbar, ko kuwa wasu yara suka gama jifanta ta biyo a firgice ta haɗu da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bayan tsoro sai kishin abin da yake tsaro. Ku dubi karya mai jego wadda ta haƙa rami a ƙarƙashin rumbu ta zuba 'ya'yanta: jiya ita ce ke kaɗa wutsiya in yaron gida ya fito da ɗan guntun tuwo, yau kuwa, da ya durƙusa ya zura hannu don ya jawo kwikwiyo guda ya nuna wa abokansa, sai ta cafke masa yatsu, alhali ba ta daina saninsa ba, ɗabi'ar uwa ce kawai ta rinjaye ta. Haka nan kare mai cin abinci, ko mai gwaguyar ƙashi a bayan mahauta, ba ya son a matso shi. Haka wanda aka taka yana barci a bakin zaure da dare. Haka wanda ke fama da ciwo, ko ƙaya ta soke shi, ko babur ya buge shi ya karye, gama mai ciwo ba ya rarrabe hannun taimako da hannun cuta, har ubangidansa yakan iya kai wa cizo. Akwai kuma wanda aka ɗaure da gajeren sarƙa cikin rana wuni da kwana, ba ruwa ba sakewa, da nufin wai ya yi zafi. Lalle yakan yi zafin, amma sau da yawa a kan mutanen gidan yake fara sauke shi. Sa'an nan akwai halin farauta da ke cikin jininsa, wanda kan sa ya bi duk abin da ya zabura a guje, ko yaro ne, ko mai keke.

Abin lura a nan shi ne lafiyayyen kare ba kasafai yake cizo ba sai ya yi gargaɗi, sai dai mu ne ba mu koyi karanta gargaɗinsa ba. Za ka ga ya ƙame wuri guda, jikinsa ya sandare, gashin gadon bayansa ya miƙe, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ko ya ɗaga ta tsaye ƙyam, ya yage leɓe haƙora sun fito, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Mai haushi daga nesa sau da yawa kora yake yi. Wanda ya yi shiru ya zuba maka ido shi ya fi kusa da kai hari. Saboda haka, iyaye mata da malaman allo da na boko, ku koya wa yara cewa in baƙon kare ya tunkaro su kada su ruga, kada su yi kururuwa, kada su zuba masa ido. Su tsaya cik, su sauke hannuwa, su kau da kai gefe har ya shinshina ya wuce, in kuwa ya kā da su, su dunƙule, su rufe fuska da wuya da hannuwansu.

Yakushi kuma, wanda mutane suka fi rainawa, yawanci daga wasa yake zuwa, ko daga murnar karen da ya ɗafe ubangidansa da ƙafafun gaba, ko daga kwikwiyon da yaro ya matse yana neman ƙwacewa. Illarsa ita ce kare da mussa dabbobi ne masu lasar ƙafafunsu, don haka miyau kan kasance a farcensu, kuma miyau shi ne ke ɗauke da mugunyar cutar da za mu zo kanta. Karcewar da ta ɗaye fata, ko da jini bai fito ba, likitoci na lissafa ta cikin raunin da ke bukatar allura. Haka ma in dabbar ta lashi wurin da ke da gyambo, ko ido, ko baki. Karen da ke yawan sosa jikinsa kuwa, har gashi na zuba, galibi ƙuma ce ko kaska ko ƙazuwa ke damunsa, kuma wasu daga cikin waɗannan, kamar makero, suna iya kama yaran da ke rungumarsa, sai a kai shi ga malamin dabbobi.

Kowane cizo, ko na lafiyayyen kare ne, yana da haɗarinsa, domin haƙori yakan huda nama ya tura ƙazanta ciki, bakin ramin ya rufe, wuri ya kumbura ya ɗuri ruwa, musamman a tafin hannu da gaɓoɓin yatsu. Akwai kuma tetanas, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Waɗannan duka suna da magani ko bayan sun bayyana, in an gaggauta. Amma ciwon haukan kare dabam yake da su, kuma shi ne ya sa muka keɓe wannan lokaci.

Idan ka ga kare ya ciji mutum ba tare da an tsokane shi ba, ba ya tsaron 'ya'ya, ba ya cin abinci, ba a rutsa shi ba, haka kawai ya ɓullo daga wani wuri ya kai cizo ya wuce, to, wannan shi ne abin tsoro. Mahaukacin kare halinsa kan juye: mai fara'a ya zama mai faɗa, mai gudun mutane ya riƙa kusantarsu, muryarsa ta dishe, ya bar gida ya yi ta yawo ba ji ba gani, yana cizon itace da dutse da duk dabbar da ya tarar, miyau na dalala. Akwai kuma wani nau'i da mutane ba su cika sani ba, wanda ba ya zuwa da faɗa ko kaɗan: kare ya lafe a inuwa, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su fara shanyewa. Mai shi, saboda tausayi, sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, ya naɗe hannun riga ya zura yatsu cikin bakin yana lalube, alhali akwai tsaga a hannunsa daga aikin gona. Ina roƙonku, ku mafarauta da makiyaya, kada ku sa hannu a bakin karen da ya kasa haɗiya. Ku kuma sani cutar takan kama saniya da jaki da akuya da mussa idan mahaukacin kare ya cije su.

Yadda take aiki a jikin mutum abin al'ajabi ne. Ƙwayar cutar, wadda ido ba ya gani, tana shiga da miyau ta wurin rauni, ta ɗan zauna cikin nama, sa'an nan ta kama jijiya ta riƙa hawa a hankali, kamar yadda gara kan ci azara daga ciki alhali daga waje ɗaki na nan lafiya lau, har ta kai laka, ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, tana iya gajarta zuwa mako guda, tana iya tsawaita zuwa shekara, gwargwadon nisan rauni da kai. Shi ya sa cizon fuska da wuya ya fi sauri, shi ya sa kuma yaro, wanda fuskarsa ke daidai da bakin kare, ya fi kowa shiga haɗari. Farkon alama zazzaɓi ne da ciwon kai, da ƙaiƙayi ko zogi a wurin tsohon tabon da aka manta. Daga nan sai firgita da rashin barci. Sai ka ga majiyyaci yana roƙon ruwa, ƙishirwa ta kama shi, amma da an kawo moɗa kusa da bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ta yana kakari, har iskar mafici ma ba ya iya jurewa. A wannan gaɓa ne dangi kan ce iska ce ta buge shi ko sammu aka yi masa, a tafi wurin mai magani, alhali kuwa cizon wata 2 da suka wuce ne ya iso. Masana tibbu na Musulmi sun san wannan ciwo tun da daɗewa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin cizon mahaukacin kare da tsoron ruwan da ke biyo bayansa cikin littafinsa Al-Ƙanun. Gaskiyar da ba za mu ɓoye muku ba ita ce, da zarar alamun nan sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi, ko a wane asibiti na duniya aka kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka ta hanyar kare suka samu.

Amma jinkirin nan da cutar ke yi kafin ta kai ƙwaƙwalwa rahama ce daga Allah, gama a cikinsa ne ake cin ƙarfinta, kuma matakin farko yana hannun kowace uwa a tsakar gidanta. Da zarar kare ya ciji yaro, kafin a tsaya tambayar karen wane ne, kafin a fita cacar baki da maƙwabci, a zaunar da shi bakin rariya, a ɗauko buta da bokiti da sabulu, ko wane iri ne, har sabulun wanki ko na salo. Ɗaya na tsiyaya ruwa, ɗaya na cuɗa sabulu cikin raunin, ana ɗauraye kumfa ana sake sawa, ba tsayawa, har minti 15 cif. A duba agogon waya, domin minti 15 ya fi tsawo bisa yadda mutum ke zato, musamman in yaro na kuka yana fizge-fizge. A riƙe shi, a rarrashe shi, a ci gaba. Sabulu yana lalata rigar kitsen da ke lulluɓe da ƙwayar cutar, ruwa kuma yana kore ta. In akwai aidin ko sifirit a gida a shafa bayan wankin. Kada a zuba barkono, ko toka, ko ƙasa, ko man birki, ko tauna ganye a liƙa. Kada a ƙona gashin karen a barbaɗa, kamar yadda wasu suka gada. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Kada a ɗaure wurin tam. A rufe da tsumma mai tsabta sako-sako, a nufi asibiti a ranar.

A nan akwai wani kuskure da ya yawaita, wanda ya kamata ku saurara da kyau. Mutum ya tafi kemis na bakin kasuwa, a wanke masa rauni, a yi masa allura guda ta tetanas, a ba shi kafso, ya koma gida yana cewa ai an yi masa allurar cizon kare. Allurar tetanas tana da amfaninta, amma ba ta taɓa ƙwayar haukan kare ko kaɗan. Allurar rigakafin haukan kare wata ce dabam, a firji ake ajiye ta, kuma ba sau ɗaya ake yin ta ba: ana yi ranar farko, da rana ta 3, da rana ta 7, wani tsarin kuma a ƙara bayan mako 2 zuwa 4, bisa yadda likita ya tsara. In raunin mai zurfi ne, ko a fuska yake ko a hannu, akwai wani ruwan magani na musamman da ake tsirawa cikin raunin kansa don ya tare cutar kafin rigakafin ya kankama. Dattawa na tuna allurar dā da ake yi a ciki kullum har mako 2 ko fiye. Wannan an daina ta, ta yanzu a dantse ake yi, ƙaramin yaro kuma a cinya, kuma mai juna biyu da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Idan babban asibitin Ƙaura ko na Shinkafi ko na Zurmi ba su da ita a ranar, ku nemi a rubuta muku takarda zuwa Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya take. Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, na san kuɗin allurar da na mota ba ƙaramin nauyi ba ne ga talaka a wannan zamani, amma wannan yana daga cikin lalurorin da ake sayar da akuya dominsu, dangi su haɗa hannu, kuma wanda ya fara ya daure ya cika, domin rabin allura ba ya ba da tabbaci. Wanda aka ciza makonni da suka wuce bai yi ba, muddin alama ba ta fito ba, ya tafi gobe da safe. Asalin wannan rigakafi daga Faransa ne, inda Louis Pasteur ya fara gwada shi ran 6 ga Yuli, 1885, a kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, yaron kuwa ya rayu har ya manyanta. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita duniya ta ware don faɗakarwa kan wannan ciwo. Neman magani kuwa, kamar yadda malamanmu ke karantarwa, ba ya kore tawakkali.

Shi kuma karen da ya yi cizon, in na gida ne kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a killace shi, a ba shi abinci da ruwa daga nesa, a sa masa ido kwana 10, domin karen da cutar ta riga ta sauko cikin miyansa ba ya wuce wannan wa'adi bai mutu ba ko bai nuna alama ba. Amma kada a ce sai an ga ƙarshensa za a fara allura. A fara, in ya cika kwana 10 garau, likita ne zai ce a dakata. In kuwa ya mutu, ko an kashe shi saboda ya haukace, wanda shari'a ta halatta ga kare mai cizo, kada a feɗe shi, kada a jefar da shi a juji yara su taɓa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, su ne suka san yadda ake aika kan karen zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, inda ake duba ƙwaƙwalwa a tabbatar, inda kuma ake sarrafa allurar rigakafin karnuka.

A ra'ayina, a jikin karen ne ya fi dacewa a tare wannan annoba, domin allurar kare ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba, kuma masana sun tabbatar idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki rigakafi, aka dinga maimaitawa kowace shekara, cutar takan rasa inda za ta bi. Ƙasashen Latin Amurka sun kama wannan hanya tun 1983, a 2019 kuma aka shaida Meksiko ta rabu da haukan da kare ke sa wa mutum. Zuba guba a kashe karnuka, wanda hukumomi kan yi in an yi ɓarna, ba ya kawar da ita, gama wasu karnukan kan zo su cike gurbin, ga kuma ungulu da kaji da ke cin gubar su mutu. Yankinmu yana da ƙarin dalilin damuwa: ƙauyuka sun watse, karnukan da aka bari a baya sun zama marasa iyayengiji, yunwa na koro su bayan gari da mahauta, dabbobi na ƙetare iyaka daga Maraɗi su shigo, su fita, ana kaɗo garke zuwa kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis da karnuka biye, fatake kuma na bin garuruwan Arewa suna sayen karnuka su kai kasuwar Dawaki a Filato. Fuƙaha'unmu sun yi hukuncin cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai ɗauki mataki ba, lamunin ɓarnar da ya yi na wuyansa, kuma Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ambaci wannan mas'ala. Saboda haka duk mai kare, da ya kai wata 3 a kai shi asibitin dabbobi, a sabunta kowace shekara, a ajiye takardar.

Kiranmu ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku shi ne su tabbatar akwai allurar mutum a manyan asibitocinsu da firjin da ke aiki da hasken rana, su kuma ware rana a kowace shekara ta yi wa karnuka kyauta. Sarakuna da hakimai su kira sarakunan mafarauta da arɗo-arɗo su sa su fito da karnukansu, limamai su ambaci wannan a huɗuba, masu maganin gargajiya kuma, waɗanda galibi su ake fara kai wa, su wanke rauni da sabulu su tura mutum asibiti. Kai kuma mai sauraro, yau da dare ka tara yaran gidanka ka gaya musu cewa duk wanda kare ko mussa ta ciza ko ta yakusa, ko da a wurin tsokana ne, ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba, domin yaro da yawa tsoron bulala ke sa su ɓoye rauni. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba majiyyatanmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.